Jirgin Maigida da Mutanen Tagulla

Shekarar da maigidana ya ajiye aikin sojan ruwa ya dawo Tambuwal, na ɗauka noma zai kama kamar kowa. Ya kama ɗin, damina ɗaya, gero ya yi abin da ya ga dama. Ana nan sai babban ɗanmu da ke Ikko ya aiko masa da wani dogon kwali a motar haya. Na buɗe da rawar jiki ina zaton rediyo ce. Tarkacen roba na tarar, ruwan toka, manne da juna, sai faranti biyu sirara kamar takarda suna ƙyalli. Na ɗaga ɗaya a rana, har zuciyata ta fara ƙera 'yan kunne. Ashe kallon kitse nake wa rogo, tagulla ce.

"Malam, mi na na wanga kuma?"

"Jirgin yaƙi na," in ji shi. "Irin wanda niy yi aiki cikinai. Haɗa shi za mu yi."

Wannan "mu" ɗin ban gane ta ba sai da aka kwana biyu. Robar ba ta ba shi wuya ba, ya manna gangar jirgin da gam, ya shafe ta da fenti. Tagullar ce ta gagare shi. A jikin farantin an fitar da ƙananan abubuwa, tsani, ƙofofi, dogayen shingaye, kowanne maƙale da wani siririn zare na tagulla wanda sai an sa reza an yanke. Daga nan a ɗauka da matsefata, a lanƙwasa, a ɗiga gam da bakin allura, a ɗora. Shi kuwa hannunsa rawa yake yi. Ni tun ina budurwa nake ɗinkin hula, saboda haka ba tare da an nemi shawarata ba na zama maƙeriyar jirgi.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbi da damina ba! Takardar da ta zo da kayan duk kibiyoyi ne da lambobi, in na juya ta sama ko ƙasa duk ɗaya ne a wurina. Na taɓa manna tsani a kife, ya tambaye ni ko da ka mutane za su riƙa hawa. Na ce to ai ban ga mai hawan ba. Wata rana wani ɗan abu ya yi tsalle daga bakin matsefata ya ɓace, muka wuni a durƙushe muna lalube a tabarma. Maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta same mu a haka, ta juya ta koma babu turmin. Abin dai bai fito ba, har yau zargin kaza nake yi da haɗiye shi.

Raina yakan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Huluna na jira, wuyana ya ƙage, ga dattijo da furfura yana leƙen kafaɗata yana cewa hagu kaɗan, dama kaɗan. Amma tun dawowarsa ban ga fuskarsa ta sake irin haka ba, sai na haɗiye.

Da muka kusa gamawa ya miƙo mini faranti na biyu. Na ƙura ido, na ga wasu abubuwa jere, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Kai, hannaye, ƙafafu. Mutane ne. Ya ɗora farcensa a kan ɗaya daga ciki ya ce shi zan fara yankowa. Na ce me ya raba shi da sauran, ai duk kamarsu ɗaya.

Sai ya ba ni labarin da duk zamanmu bai taɓa ba ni ba. Yana da aboki a jirgi, mai kula da inji, kwano ɗaya suke ci. Wata rana teku ta yi fushi, abokin ya hau sama don wani aiki, igiyar ruwa ta share shi. Aka yi ta nema ba a gan shi ba, jirgi ya ci gaba da tafiya. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da mutum zai tsaya a kai.

"So nika ki tsai da shi nan bisa," ya ce, yana nuna gaban jirgin. "In riƙa ganinai."

Tausayi ya kama ni, amma bakina ya riga zuciyata. Na ce malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da surar abu mai rai. Jirgi dai ba rai gare shi ba, shi ya sa ban taɓa magana ba. Amma wannan mutum ne, har da hularsa. Maigida ya sauke hannunsa. Mutum ne mai tsoron Allah, na san maganar ta soke shi. Ni kaina ban san ko gyara na yi ko ɓarna ba. Abin da ko ido babu a fuskarsa, sura ce? To in ba sura ba ce, yaya aka yi ya ga abokinsa a ciki?

Ranar Juma'a muka hau mota zuwa Kebbe wurin yayansa, wanda malami ne mai zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe gwangwanin alawar da na sa ɗan mutumin a ciki, na tura gabansa. Ya sa tabarau, ya kai gwangwanin bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa.

"To ina mutumin?"

"Ga shi nan, Yaya, kusa ga yatsanka."

"Ikon Allah! Kuma don wanga kunka biya mota?"

Da maigida ya yi masa bayani sai dariyar ta ɗauke. Ya ce abin da ya sani a karatu shi ne, in aka cire wa sura kai ta tashi daga sura, ta zama kamar icce. Na ce daga inda nake, to abin da sai an sa tabarau ake ganinsa fa? Ya shafa gemu ya ce Allah ne masani, amma cire kan ya fi kwanciyar hankali. Muka dawo Tambuwal da ruɗanin da ya fi wanda muka tafi da shi.

Washegari da hantsi ya ce in ɗauko reza. Na kwantar da ɗan mutumin a kan katako, na danne ƙafafunsa da farce, ina neman inda wuya yake. Ban ma tabbata akwai wuyan ba. Na saita bakin rezar ke nan ya riƙe mini hannu.

"Bari."

"Malam, ai kai kac ce in yanke."

"Na ce bari."

Ya karɓi matsefatar da kansa. Sau biyu ɗan mutumin yana suɓuce masa, na kai hannu zan taimaka ya girgiza kai. A tsakiyar jirgin akwai bututun hayaƙi wanda ba mu riga mun ɗora masa murfinsa na raga ba. Ya kai hannu can, ya sake shi a ciki. Na ji ɗan ƙaras a can cikin gangar. Ya ce in sa murfin, na ɗiga gam na ɗora, na riƙe har ya kama.

Na dubi jirgin, ga bindigogi, ga tsani, ga shinge, ba kowa a kai. Kaina ya gama ɗaurewa.

"To Malam, yanzu mi munka yi ke nan? Ba mu tsai da shi ba, ba mu yanke ba. Shina nan ko ba shi nan?"

Bai ɗago ya dube ni ba.

"Shina ciki," ya ce. "Wancan karo waje munka bar shi, munka yi tahiyarmu."