Kashi Saba'in Da Ɗaya Na Mai Bulo

Direban motar makaranta ne, shekara goma sha tara a kan sitiyari, amma duk layin Lissafi suke ce masa. Tun yana yaro haka yake. Faɗa masa gaskiya da baki, ya ce ji-ta-ji-ta ce. Rubuta masa ƙarya da lamba, ya rungume ta kamar tare aka haife su. Ya san taku nawa ne daga ƙofarsa zuwa bakin titi, amma tambaye shi ajin da 'yarsa ta biyu take, sai ya hau sosa ƙeya.

Aiki kam ya iya, ba za a hana shi wannan ba. Bai taɓa makara ba, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Motar tsohuwa ce, ƙofarta da waya ake ɗaurewa, giya ta uku sai an lallashe ta, kuma hannunsa kaɗai take ji.

Da zaɓen kansila ya matso, mutum biyu suka fito: Mai Bulo, wanda ke da wurin buga bulo a bakin titi, da wata tsohuwar nas da ta karɓi haihuwar rabin unguwar. Sai ga wani kamfani, wai na jin ra'ayin jama'a, ya turo 'yan mata da jakunkuna da manyan wayoyi suna bi gida-gida. Bayan mako biyu rediyo ya ce Mai Bulo na da kashi saba'in da ɗaya cikin ɗari. Ɗayan nan da ke saman saba'in shi ya gama da Lissafi.

"Da ƙarya ce, saba'in cif za su ce," in ji shi, ga duk wanda ya tsaya.

Ya manna hoton Mai Bulo a gilashin motar yara. Shugabar makaranta ta ce ya ɓare shi kafin Litinin, ko ya ajiye makulli. Mai Bulo kuwa na neman direba, har ya yi masa alkawarin motar ofis in ya hau kujera.

Ranar Lahadi matarsa na shanya, shi yana zaune yana goge takalmi, ta ce, "Baban yara, ni ma fa 'yan matan nan sun tambaye ni."

"Kika ce wa?"

"Mai Bulo."

"To, kin gani."

"Na ga me? Sha biyun rana suka buga ƙofa, mai na kan wuta, autanka na tsala ihu a bayana. Yarinya ta fara karanto sunaye, na ce na farkon nan, rubuta. Ta ce saura tambaya ashirin, na ce duka eh. Matar makaniki haka ta yi. Matar mai shago ta ɗauka Mai Bulo ne ya turo su, ta ce shi don kada a zo musu da fitina. Da tsakar rana wa ke gida in ba mu ba?"

"Ke mutum ɗaya ce. Su dubu biyu suka tambaya. Wannan ilimi ne, ba hirar bakin famfo ba."

"Dubu biyu masu tukunya a wuta."

"Ki tsaya a shanyarki."

Ta yi tsaki ta yarfe rigarsa har ruwan ya fantsama a takalmin. Litinin da safe ya je ya dire makulli a teburin shugaba, yana wani ɗaga hanci kamar an riga an rantsar da shi.

Mako biyar yana jan motar lasifikar Mai Bulo, kunnensa na dama har yau bai dawo daidai ba. Ranar zaɓe ya tsaya yana ƙirga layin mata, wanda ya zagaye katangar makaranta, yana murmushi, wai ga kashinsa saba'in da ɗaya sun fito da ƙafarsu. Sun fito kam. Kafin la'asar nas ta yi wa Mai Bulo kayen da ko wakilinsa bai tsaya sa hannu ba.

Washegari wani mai laushin murya daga kamfanin ya shiga rediyo ya ce masu zaɓe ne suka sauya ra'ayi a kwanakin ƙarshe. Ka ji marar kunya. Ba wadda ta sauya komai, tukunya ce kawai aka sauke. Shi yana nan da kujerarsa da fankarsa, ba wanda ya ce ya ajiye makulli.

Mai Bulo ya daina ɗaga waya. A makaranta an riga an ɗauki sabon direba, shugaba ko zauna ba ta ce wa Lissafi ba. Yanzu kullum bakwai saura kwata motar na wucewa ta ƙofarsa, sabon yana murƙushe giya ta uku, shi kuma yana runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa.

Matarsa ta samu aiki a shagon ɗinki, shi ke tsaron gida. Bana da aka fara shirin wani zaɓen, sha biyun rana aka buga ƙofa. Ya fito da ludayi a hannu, albasa na ƙonewa a bayansa. Yarinya da babbar waya ta gaishe shi, ta fara karanto sunaye.

"Na farkon nan," ya ce. "Rubuta."