Jan Zare a Keken Inna

Kawu mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara talatin yana zaune a wani ɗan shago a ƙarƙashin bene, kuma ba ya gaskata abin da yatsansa bai shafa ba. Da ƙanwarsa za ta rasu, ta bar wasiyya a ba da kekenta sadaka, amma inda za a yi aiki da shi. Nauyin ya faɗo kan 'yarta, wadda ba ta daɗe da gama jami'a ba.

Sati uku yarinyar tana bincike a waya, kullum tana gudun kada ta kai keken Inna inda zai yi tsatsa. Ƙungiyoyi biyu ta samu masu koya wa zawarawa ɗinki. Ta farko tana da rahoto mai shafi arba'in da hotuna. Ta biyu ko allo babu a ƙofarta. Ta karanta rahoton har kanta ya ɗaure, sannan ta kai wa Kawu. Ya ce shi takarda ba ta taɓa ɗinka masa riga ba, su je su gani.

A ofishin farko aka ba su kujera da ruwan sanyi. Kawu ya buɗe cikin keke ɗaya, ya zura yatsa, ya fito da shi fes, ko ƙurar zare babu. Ya raɗa mata cewa waɗannan kekunan hoto kawai suke ɗauka. Amma a bakin ƙofa mai shara ta ce kullum da yamma ake goge su. To, wa za ta gaskata?

A ɗakin ƙungiya ta biyu kekuna huɗu ne, duk sun sha wuya. Shugabar ta kasa faɗin mata nawa ta yaye, sai "da dai yawa".

"Malama mai digiri, kin gama lissafin?" in ji Kawu.

"Kawu, ni na rasa gane komai."

Ya sa aka sauke keken Inna a nan, ya ɗora masa jan zare, ya ce in sun dawo bayan sati biyu zaren yana nan, za su ɗauke abinsu.

Da suka koma, baƙin zare ne a kai, wata mata tana ɗinka bakin siket. Yarinyar ta ce ai wataƙila cire jan aka yi kawai. Kawu ya kama yatsanta ya zura a cikin keken. Ya fito da ƙurar zare, ja da baƙi.