Jakin Nomau da Allura Huɗu

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, amma ban mance ranar kasuwar Tambuwal da Nomau ya kawo matarsa a kan jaki ba. Ku da kuke aikin asibiti yanzu kun sha yi mini tsiya, wai tsoho ba ya iya yin shiru in an zo maganar kuɗin magani. To yau zan gaya muku dalili, ko da yake ba labarin da zai ƙara mini daraja a idonku ba ne.

Zamanin Turawa ne, bayan an gama yaƙin duniya na biyu da 'yan shekaru. Ni ne malamin ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya. Ga wanda bai san tsarin ba, can sama akwai Likita Bature da ke zaune a Sakkwato, yana zuwa rangadi bayan wata biyu ko uku ya duba aikinmu. Mu kuwa ƙananan malamai an rarraba mu gunduma gunduma. A ɗakina ni ne mai duba marar lafiya, ni ne mai allura, ni ne mai wanke gyambo, ni ne kuma mai karɓar kuɗi. Ina da farar riga da wandon kaki da agogo a hannu, kuma wallahi a lokacin ina jin kaina ba kaɗan ba.

Ƙananan magunguna, irin na tari da na tsutsar ciki, kyauta ake bayarwa. Amma an kawo mana sabuwar allura, fenisilin, wadda take aiki kamar yankan wuƙa, ita kuwa sule huɗu ce kowace ɗaya. Doka ta ce kuɗi hannu kafin a soka. Ba a karɓar gero, ba a karɓar akuya, ba a karɓar alkawari. A ƙirge ake ba ni kwalaben, kowace kwalba da rasit ɗinta, in an sami giɓi daga albashina za a cire. Ƙofa ɗaya aka bari. Wanda ba shi da hali zai je gaban hakimi da shaidu biyu a rubuta masa takarda cewa shi matsiyaci ne, sai a yi masa kyauta. Wanda ya tsara wannan doka a ofis na tabbata yana ganin ya yi tausayi. Bai san manomin ƙasarmu ba. Magidanci mai gona da iyali ya gwammace ya kwana uku bai ci ba da ya tsaya gaban jama'a a kira shi da wannan suna.

Tsakiyar damina ce, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Da hantsi, layi ya cika, sai ga wani mutum dogo mai kimanin shekara arba'in yana jan jaki. A kan jakin wata mace ce a lulluɓe, ta kife a wuyansa. Ya sauke ta a inuwa, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, Malam, sunana Nomau. Daga ƙasar Kebbe munka fito, kwana biyu muna bisa hanya. Iyalina ta, ba ta da lafiya. Ruwa ya buge ta a gona, haƙarƙari ya kama."

Na tambayi sunanta don in rubuta a littafi. Ya sunkuyar da kai, don uwargidansa ce, ba ya kama sunanta. Ita ce ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Kulu." Na sa abin awo a ƙirjinta, na ji huhun dama ya cushe, jiki kuma zafi zau. Ciwon huhu ne, ba tantama. Na ce masa allura shida za a yi mata, kullum ɗaya, kuɗinsu fam guda da sule huɗu, wato sule ashirin da huɗu.

Ya ce, "Malam, ko anini ba ni da shi yanzu. Gero na gona, gujiya ba ta nuna ba. In anka yi mani haƙuri har kaka, wallahi da ƙafata nika kawo kuɗinga."

A nan ne abin kunyar ya fara, kuma ba zan rufe muku komai ba. Tun da suka iso idona yake kan jakin nan. Irin jakin nan ne da ake kira aura, kakkaura, mai lafiyar ƙafa. Ni kuwa na daɗe ina son jaki nawa na kaina, domin in za ni rangadi ƙauyuka haya nake yi a ɗaukar mini akwatin magani, alhali En'e tana ba mai dabbarsa ɗan alawus. Na san hanyar da zan bi in taimaki Nomau. Da na ja shi bayan ɗaki mun yi magana mu biyu, da na raka shi wurin hakimi da kaina bayan an watse, da an rubuta takardar ba wanda ya ji. Na taɓa yi wa wani ɗan'uwan matata haka. Amma sai na ɗaga murya yadda duk wanda ke layi zai ji.

"Doka ba ta san kaka ba. In kai matsiyaci na, tafi gaban hakimi da shaidu a rubuta maka, sai mu yi mata kyauta."

Mutane suka juyo suna kallonsa. Ya ce a hankali, "Ni ba matsiyaci ba na, Malam. Ina da gona, ina da ɗiya." Na san haka zai ce. Don ya ce haka na faɗa.

Na ce, "To yau kasuwa ta. Ga jaki nan."

Ya dubi jakin, ya dubi matar, ya kama igiya ya nufi kara, inda ake sayar da dabbobi. Yana ba da baya na aika aka kira mini Labbo, wani dillalin jakuna da muka saba. Labbo ya san sana'arsa. Duk wanda ya fito daga wajen asibiti da dabba a hannu, dillalai sun san idonsa a rufe yake.

Labbo ya ce, "Malam, wanga jaki ya kai fam guda da sule goma ko da an yi ragi."

Na ce, "Taya shi sule sha shidda. Kar ka ce ni na."

Kafin azahar Nomau ya dawo ba jaki, kuɗi ƙulle a bakin riga. Ya kwance ya zuba mini, ya ce, "Abin da anka taya ke nan, ba wanda ya ƙara. Na allura fuɗu na. A fara, Allah shi kawo sauran." Kuɗina ne da na fitar daga aljihu da safe suka dawo hannuna. Na yanke rasit, na dafa sirinji, na yi wa Kulu allurar farko.

Suka sauka a zauren wani mai unguwa. Allura ta karɓe ta, a kwana na uku zazzaɓi ya sauka, a na huɗu har ta sha kunu ta zauna da kanta. Nomau ya zo yana ta godiya. Na gaya masa saura biyu, kuma in ba a cika ba ciwon yana iya dawowa. Wannan kam na faɗa, kuma shekaru da yawa da shi nake lallashin zuciyata. Ya ce ya zagaya garin bai sami mai ba shi rance ba, don ba a san shi ba, ga gona can ciyawa tana cinyewa, ga yara a hannun maƙwabta. Sule takwas ne kawai. Ina da su. Ribar da na ci a kan jakinsa ta fi su. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na kira na gaba a layi. Washegari da sassafe suka kama hanyar Kebbe a ƙasa, shi a gaba da ƙunshin kaya, ita a baya tana dogara sanda. Jakin da ya kawo ta yana ɗaure a bayan gidana yana cin harawa.

Da kaka ta yi aka aiko mini umarni in fita rangadin lamba, wato rigakafin agana, a ƙauyukan ƙasar Kebbe. Na ɗora wa jakina akwati, ina tafe ina jin daɗin ba na biyan haya. Gaskiya na manta da Nomau sarai, ban ma riƙe sunan ƙauyensa ba. Rana ta uku muna shiga wani ƙauye, sai jakin ya ɗaga kunnuwa, ya fizge igiya daga hannuna, ya bar hanyar gidan dagaci ya kutsa wani lungu da gudu. Na bi shi ina haki ina zagi. Ya je ƙofar wani gida mai dangar kara ya tsaya, ya kece da kuka. Yara suka fito da gudu suka rungume wuyansa suna kiran babansu. Nan take na sha jinin jikina.

Nomau ya fito. Ya rame. Ya dubi jakin, ya dubi akwatin En'e a bayansa, ya dube ni. Ba wawa ba ne, na ga lokacin da ya gane komai a fuskarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma sai ya cire takalmi kamar ranar farko, ya gaishe ni, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura.

Na ce, "Ina mai jiki?"

"Ta riga mu gidan gaskiya, Malam. Ruwa ya tare mu bisa hanya, ba wurin fakewa, ga ta ba ƙarfin tafiya. Kwana uku munka yi kafin mu iso. Ciwon ya dawo, ba ta yi sati ba."

Na yi masa ta'aziyya, ban san ma abin da nake faɗa ba. Ya nuna mini buhunan gyaɗa jingine a zaure, da dammunan gero a kan rumbu. Ya ce, "Ka gani, bana Allah ya ba da. Da ciwon ya jira wata biyu, ko allura goma na iya biya." Ba da gatse ya faɗa ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na tashi na fara kwance akwatin, na ce masa ga jakinsa, ya riƙe, ba na son ko kwabo. Ya dafa hannuna ya hana ni.

"A'a, Malam. Ciniki ya faɗa, da bakina na sallama gaban shaidu. Kuɗin kuma magani anka yi mata da su. Tafi da abinka."

Na roƙe shi, ya ƙi. Na bar furar nan ban sha ba. Da zan tafi jakin ya turje, ya ƙi barin ƙofar gidan. Sai da Nomau da kansa ya kama igiyar ya ja shi har bakin gari, ƙaramar 'yarsa tana biye tana kuka.

Da Likita ya zo rangadi na gaba, bayan ya gama duba kwalabe da rasit, na yi ƙarfin hali na ce ina da magana. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ciwo da damina yake zuwa, kuɗi kuwa sai da kaka. A bar manomi ya sha magani ya biya in ya girbe, dagacinsa ya tsaya masa. Ko kuwa a ɗora ɗan abu kaɗan a kan kowa lokacin haraji, a daina karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Takardar matsiyaci kuma a sake mata suna, mutanenmu ba za su karɓe ta ba." Ya saurare ni da kyau, ya ce shawara ce mai ma'ana, in rubuto a takarda ta bi ta ofis. Ya tambaye ni abin da ya sa na yi wannan tunani. Na ce na ga wata mata ce ta rasu don an kasa cika mata allura biyu. Ban ce masa komai game da jaki ba. Na rubuta takardar, ta tafi, har aka yi mini canjin wurin aiki ban ji amsa ba.

Jakin ban ƙara ɗora masa kaya ba, na ba wani mai ɗiban ruwa shi kyauta, na koma haya. Daga ranar kuma ban sake yi wa kowa maganar kuɗi a gaban layi ba. Amma kada ku ɗauka wannan ya biya wani abu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk tsarin da ya ce sai an biya kafin a taɓa marar lafiya, ba kuɗi kaɗai yake karɓa ba. Yana karɓar abin da mutum zai koma gida da shi, yana kuma buɗe wa irina ƙofar cin kasuwa a kan mai ciwo. Dokar ba ta da kyau, haka ne, kuma har yau ina cewa a gyara ta. Amma doka ba ta aika a kira Labbo ba, ni na aika. A ƙarshen waccan shekarar ofis ya ba ni takardar yabo, wai a duk gundumomi ba wanda kuɗin allurarsa ya cika daidai kamar nawa. Tana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa nuna wa 'ya'yana ita ba.