Katin da Inna ta sa a littafi mai bangon siminti

Salamu alaikum. Kusan shekara biyu ban ce uffan a nan ba. Masu tambayar ina ƴar littattafan soyayya ta shige, ga ni.

Ranar da na buɗe akwatina, kwana biyu bayan arba'in ɗin Inna, ranar komai ya juye mini.

Inna ce ke kula da bibliyotek, wato ɗakin aron littattafai, na wata lakwal, makarantar boko, a nan Damagaram. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce ni, ko "waccan". Amma tana da hanyarta. Kowane littafi yana da kati a aljihun bangon baya, inda ake rubuta ranar mayarwa. In tana da magana da ni, a bayan katin take rubutawa.

Da aka kai ni Takieta, inda maigidana ke koyarwa, duk sati biyu direba yana kawo mini ƙunshi. Littattafan soyayya uku ko huɗu, da saƙonta: "A rage gishiri." "A gaida uwar miji kafin a buɗe littafi."

Wata rana wani baƙo ya shigo ƙunshin. Na faransanci, kan lafiyar mata, an yi masa bango da takardar siminti. Na juya shi, ba saurayi ba budurwa. Na cusa shi ƙasan akwati.

Da na zo Sallah, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "An karanta mai bangon simintin?"

"An karanta, Inna."

Hannunta ya tsaya kan rariya. "To," ta ce.

Bayan wata takwas ta faɗi a wurin aiki. Lopital, radiyo na hoton ƙirji, analiz na jini, sai babban asibitin Yamai. Likita ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, don me sai yanzu?" Kansar mama ce, ta riga ta kai ƙashi. Shimiyo, ƙarin ruwan maganin kansa, biyu kawai jikinta ya iya ɗauka.

Ranar arba'in abokiyar aikinta ta ce mini littafi ɗaya ne bai dawo ba, kuma da hannun Inna aka fitar da shi. Na koma Takieta na zazzage akwati. Na zaro katin.

"Na ji ƙullutu a hagu. Ba zan iya faɗa wa babanku ba. A duba shafi na ashirin. In shi ne, a zo a raka ni."

Ta ɗauka na karanta na yi shiru. Shi ne "to" ɗin nan.

Daga ranar zama ya gagare ni. In share tsakar gida, in sake sharewa. In buɗe littafi, layi ɗaya nake ta maimaitawa. In ɗora tukunya in tarar da kaina a bakin ƙofa, ban san me na fito nema ba.

Ina cikin haka na yaye ɗiyata ta fari, Hadiza. Wata safiya a wurin wanka hannuna ya taɓa wani abu kamar ƙwarar gyaɗa. A dama.

Sati uku ina ɗauke da shi ni kaɗai. Ina taɓawa, ina cewa ragowar nono ne.

Kun san me na yi? Takarda na yaga na rubuta wa maigidana, zan sa a cikin littafin darasinsa. Har na buɗe jakarsa. Sai na ga hannuna, na ga takardar, na tuna katin Inna.

Yana gyaran babur a waje. Na fita na ce, "Abban Hadiza, akwai ƙullutu a nonona."

Ya ajiye ƙarfen hannunsa. "Ɗauko mayafinki."

"Yanzu?"

"A'a, baɗi. Ke dai ɗauko."

Tikiti, benci, jira. Ekografi, hoton na'ura, da man nan mai sanyi. Allura ta ɗebi tsoka aka aika Yamai. Kwana goma sha tara ina zabura duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Likitar mace ce. Ba ta yi kwana-kwana ba. "Ita ce," ta ce. "Amma kin zo tana ƙarama. Wannan muna iya kokawa da ita."

An yi aiki. Shimiyo shida. Gashina ya bi matsefi, bakina ya yi ɗaci, ko ƙamshin fura ba na so. Babur ɗin nan ya tafi a kuɗin magani, har yau da ƙafa malam ke zuwa lakwal. Uwar mijina ta riƙe Hadiza, ƙanwata Falmata ta riƙe mini roba ina amai tana tsokanata: "Yaya, a littattafanki jaruma ba ta yin ƙwal-kwabo, ke kin kawo sabon salo."

Kontrol, gwajin bibiya, na satin jiya ya fito lafiya. Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa waɗannan mutane, da ku masu addu'a ba ku san ma me ake ciki ba. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini ƙaryar "an karanta".

Ƴan uwana mata, ku riƙa taɓa jikinku bayan al'ada. In kun ji abu, ko bai yi ciwo ba, ku tafi a duba, kada ku tsaya kan sassaƙe. Ku kuma tambayi iyayenku mata da baki. Za su sunkuyar da kai. Ku sake tambaya.

Na mayar da littafin bibliyotek. Katin yana wurina.

Jiya uwar mijina ta ji na ƙwala wa Hadiza kira da sunanta, ta riƙe haɓa. "Ke ƴar nan, ɗiyar fari ce fa! Ina kunya?"

Na durƙusa na ce, "Hajiya, a yi mini afuwa."

Amma na riga na yanke. Da sunanta zan riƙa kiran Hadiza.