Ranar da Na Ƙona Rakodar Goggo

Ko tsufa ya kwashe mini komai a kai, ranar da na ƙona rakodar Goggo tana nan daram.

Lokacin ina malamin gona a Faskari, zamanin da kuɗin mai suka buɗe, ina zaune a gidan ma'aikata mai wutar inji. Soket ɗaya ne tak a ɗakin, irin na da mai zagayayyun ramuka uku, amma yadda nake ji da shi sai ka ce ni na ƙago lantarki.

Wata rana da hantsi sai ga Goggo, yayar babana, daga Ruwan Godiya, rungume da ƙunshi. Ɗanta guda ya tafi Makka, shekara bakwai ba wasiƙa ba saƙo, har an fara cewa ya rasu. Kwatsam wani alhaji ya kawo mata rakoda da kaset daga wurinsa, sai dai gidan batir ɗin ya karye a hanya.

Ta ce, "Ɗan nan, an ce muryarsa na ciki. Kai ke da wuta, fito mini da shi."

Na ce, "Goggo, an gama!"

Ina duba fulogin na ga ƙafa biyu gare shi, masu faɗi kamar reza. Na tura, ya ƙi. Na juya, ya ƙi. Ga maƙwabta sun cika ƙofa. A ce fulogi ya gagari ɗan boko? Ina! Na datse shi da wuƙa, na fere wayoyin, na cusa su a ramuka na danne da tsinken ashana, yadda muke yi wa kowace fitila.

Fau! Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin.

Goggo ta ce, "Ya yi magana ne?"

Da ta ji ƙauri ta gane. Ta zauna daɓas a ƙasa ta ce, "Ka ƙone mini yaro." Na yi maza na zaro kaset ɗin, sai na ga lafiyarsa lau.

Na ja ta muka nufi tasha, maƙwabta na biye da mu. Wani direban sabuwar Fijo mai rediyon kaset ya zaunar da ita a gaba, ya sa kaset ɗin, ya ƙure murya.

"Salamu alaikum, Inna."

"Wa alaikumus salam! Ja'iri, ina ka shige?" in ji Goggo, tana leƙa ƙarƙashin sitiyari.

Muryar ta ci gaba: "Kafin komai, kada kowa ya sa rakodar nan a wutar gida sai ya murɗa ɗan maɓallin da ke bayanta. Wutarku ta fi tamu ƙarfi."

Tasha ta kece da dariya. Sau uku direban nan ya mayar da wurin, ni ma har na zube ina riƙe da ciki. Sannan muka ji sauran: yana ɗinki, ya yi aure, an haifi takwarar Goggo, kuma baɗi yana tafe. Tsohuwar nan ta fito daga mota ta rangaɗa guɗa, tana kuka tana rawa.

Tun ranar, in abu ya ƙi shiga inda nake tura shi, ba na neman ashana. Tsayawa nake in tambayi dalili.