Hannun Nong Tibo

Tiburcio Cabahug mai aski ne a unguwarmu da ke birnin Mandaue, mu Nong Tibo muke ce masa. Shi ya yi wa mahaifina aski, ya yi mini, har hannunsa ya soma karkarwa. Ranar da reza ta ɗan yanki kunnen wani direba, ya naɗe kayansa, bai sake buɗe shagon ba.

Dama ya san karta tun yana saurayi. Da zaman gida ya ishe shi, sai ya koma buga poka, wato kartar caca, a kwamfuta, irin gasar nan ta mutum biyu, wanda ya cinye ya wuce gaba. Kuɗi kaɗan yake sawa, 'yan peso. Yana da tsarinsa: kafin a buɗe katin tsakiya, ninki biyu kawai na kuɗin dolen da ake fara zubawa yake ɗagawa, wai kada ya kori abokin wasa kuma kada ya yi asara mai yawa. Idan an buɗe katin tsakiyan nan guda uku, sai ya sake zuba sulusin abin da ya taru, ko ya dace ko bai dace ba. Yakan ce abokin wasan ma galibi bai dace ba.

Ciwon ya ci gaba, har ya kai yana son danna wani wuri ya danna wani. Sai matarsa Nang Pilang, mai sayar da busasshen kifi, ta jawo kujera kusa da shi bayan cin abincin rana. Shi ya faɗa, ita ta danna. Da farko ko sunayen katin ba ta sani ba. Kafin shekara ta zagayo ta fara gardama. Ina shagona na gyaran waya nakan jiyo su ta taga.

"Zuba sulusi, Day," in ji shi, don haka yake kiranta.

"A kan wannan katin? Mutumin nan bai taɓa gudu ba, tsoho. Kai ko da yaushe sai ka zuba, kamar mai biyan haraji."

"Hannu ne ke ko baki?"

Sai ta yi abin da ta ga dama. In ta ci, ya ce ai shi ya koya mata. In an cinye su, ta ce dama shawararsa ce.

Kowa ya ɗauka shi zai riga ta rasuwa. Wata safiya tana jera kifi a kasuwa ta yanke jiki ta faɗi, kafin a kai ta asibiti ta cika.

Bayan an gama zaman makoki na je na ce masa ni zan riƙa danna masa. Ya yarda. Muka zauna, ya faɗa na danna, ya faɗa na danna. Duk lokacin da ya ce in zuba sulusi sai ya ɗan dakata, ya juyo yana kallona. Ni kuwa sai in zuba. Ba mu kai ƙarshen gasar ba ya ce in kashe, ya gode.

'Yarsa ta zo daga Bohol ta tafi da shi. Kwamfutar ya bar wa makarantar unguwa. Na je gaishe shi bara. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na kai kunne. Ya tambaye ni wa ya gaji rumfar kifin, kuma ko yana yayyafa mata ruwa kafin ya share, kamar yadda Nang Pilang take yi.