Kawu Ilu da Bencin 'Yan Fansho

Duk wanda ya san Kawu Ilu, direban motar ruwa a nan Birnin Kudu, ya san ba ya wuce bencin 'yan fansho na sakatariya bai yi sallama ba, ko da babu kowa a kai. Har tsayawa yake yi a amsa masa!

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wa kake gaisarwa da tsakar ranar nan?"

"Malam Sule masinja mana."

"Kai Kawu! Malam Sulen da muka binne bara?"

"To, an biya shi ne? Ina zai je?"

Wallahi sai da na waiga na sake duban bencin, babu kowa a kai.

Shi ya sa da aka zo da tsarin kowa ya buɗe asusun fansho da sunansa, Kawu ya riga kowa. Ya kafe sai an kwashe abin da ya tara a wajen aiki an zuba a nasa, alhali yana kan aiki. Akawu ya ce, "Malam Ilu, saurin me kake? Ritayarka da saura."

"Ita ce da saura, ni wa ya ce maka ina da saura? Matata Ladi ba za ta yi zaman bencin nan ba, ni ma ba zan dawo in zauna ba."

Ga shegen maƙo! Duk zirga-zirgar zuwa ofishin asusun a Dutse a kan kekensa ya yi ta. Na ce ya hau mota, ya harare ni: "In cinye fanshon wajen neman fanshon?"

A garin Sara ajali ya same shi, ya je gaida surukai. Da Inna Ladi ta fita takaba na kai ta ofishin asusun, gabana na faɗuwa kada a yi ta juya mu. Tana faɗin sunansa ma'aikaciyar ta miƙe ta jawo kujera.

"Zauna, Inna, an gama komai. Ai maigidan ya zo makon jiya, ya ce gwiwarki na ciwo, kada a bar ki a tsaye."

Na juya na dubi Inna. Ciwon gwiwar nan a cikin takaba ya same ta.

Inna ta zauna, ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ilu ke nan. Bai taɓa yarda wani zai yi abu daidai ba."

An biya ta, Kawu, ka huta haka nan. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma.